Yadda Ake Buga One Deck Dungeon, Kai Kaɗai Ko Ku Biyu

A wasan One Deck Dungeon tulin kati guda ne ke yin aiki uku. Shi ne ƙofofin da za ka buɗe, shi ne ganimar da za ka kwasa, shi ne kuma agogon da ke cinye maka lokaci. Biyun farko kowa na gane su tun zaman farko. Na ukun ne ke kashe sabon shiga a hawa na biyu, ya tashi yana ɗora wa dayis laifi.

Chris Cieslik ne ya tsara wasan, kamfanin Asmadi Games na Amurka ya fitar da shi a 2016. Mutum ɗaya na iya bugawa, mutum biyu ma haka, kuma ba juna ake yaƙa ba, haɗa kai ake yi a fuskanci katunan. Labarin gajere ne: jaruma ta shiga kogo mai hawa uku, sai dai ƙasa ake yi ba sama ba, can ƙarshe kuma babban dodo na jiranta, wanda 'yan kallon fim za su ce masa bos. Zama ɗaya yakan ci minti 30 zuwa 45. Rubutun katunan da Turanci yake, amma yawancin aikin launi ne da lamba da alama.

Abin da ke cikin kwalin da yadda ake shimfiɗa shi

Dayis 30 ne, masu fuska shida irin na ludo. Takwas rawaya na ƙarfi, takwas ruwan hoda na zafin nama, takwas shuɗi na tsafi, sai shida baƙaƙe. Baƙin dayis kamar katin 20 yake a wasan Whot, duk launin da ake nema zai zama. Akwai katin ɗaki 44, katin matattakala 1, katin matsayi 4, katin jarumai 5 (dukkansu mata ne), katin kogo 5 kowanne da dodonsa a bayansa, sai 'yan jajayen alamomin rauni da na kwalbar magani.

Zaɓi jaruma ka juya katinta gefen da aka rubuta 1P in kai kaɗai ne. Jera katunan matsayi, na 1 a sama. Ajiye kwalbar magani guda a kan katin da ke tuna maka dokokin zagaye. Zaɓi kogo ka tura katinsa ƙarƙashin wannan katin yadda layin hawa na farko kaɗai zai leƙo. A karon farko ɗauki Dragon's Cave, shi ne mafi sauƙi, kodayake sauƙin nasa ma ba wani sauƙi ba ne. Sannan gauraya katin ɗaki 44 ɗin sosai, ka kife su a kan katin matattakala. Bar fili a gefe inda za a riƙa zubar da kati. Mu ce masa juji.

Zagaye guda

Kowane zagaye da biyan haraji yake farawa: ɗauki kati 2 daga saman tuli ka jefa a juji. Babu yafiya, babu rangwame. Daga nan abu ɗaya cikin biyu za ka yi. Ko dai ka lalubi kogo, wato ka zaro katuna a kife ka jera su gabanka har ƙofofi su cika huɗu, ko kuma ka shiga ɗaki. In ƙofar da ka zaɓa a rufe take, ka juya ta ka ga abin da ke ciki, sannan ka yanke shawara: ka tunkare shi, ko ka ja da baya. In ka ja da baya zagayen ya ƙare, ƙofar ta zauna a buɗe. In kuwa ka koma ƙofar da dama a buɗe take, to ba gudu, sai an gwabza.

Yanzu yi lissafin da mutane ba sa yi. Lalube na cin kati 6: biyu na haraji, huɗu na ƙofofi. Shiga ɗakuna huɗun na cin wasu 8. Ke nan kowane ɗaki huɗu kati 14 ne. A Dragon's Cave akwai dokar hawa na farko da ke sa ka zubar da ƙarin kati 5 kafin ka fara kowane hawa, saura 39. Ɗaki huɗu, saura 25. Wasu huɗu, saura 11. Ka sake lalube, saura 5. Wato ko da komai ya tafi daidai, ɗaki kamar goma ne rabonka a hawa na farko, kuma ba ya tafiya daidai, domin dodanni da tarkuna na cin nasu kason. Ƙari a kan haka, duk katin da ka ɗauka ganima ya bar tulin ke nan, saboda haka tulin hawa na biyu ya fi na farko gajarta, na uku ya fi na biyu.

Abu biyu ke fitowa daga wannan lissafi. Kada ka yi lalube alhali saura ƙofa biyu ko uku a gabanka, domin harajin kati 2 ɗaya ne ko ƙofa ɗaya ka ƙara ko huɗu. Kuma ja da baya ba kyauta ba ne, zagaye guda ne ya tafi ba ganima. Duk da haka wani lokacin shi ne daidai: kati 2 ya fi rauni 3 araha nesa ba kusa ba.

Cikin ɗaki: gurabe da dayis

Abin da ke bayan ƙofa ko dodo ne ko tarko. Kowanne na da gurabe masu launi, kowane gurbi da lamba a ciki, da kuma alamar abin da zai same ka in ka bar shi a buɗe: zuciya na nufin rauni, agogon yashi na nufin a zubar da kati.

In dodo ne, ka tattara dayis gwargwadon alamomin da ke jikin katin jarumarka da makamanta, duka launuka uku, da baƙin da matsayinka ya ba ka in akwai, ka watsa su gaba ɗaya. In tarko ne, katin zai ba ka hanya biyu, kowace da launinta, misali ƙofa mai kwaɗo: ko ka buɗe ta da dabara da ruwan hoda, ko ka ɓalle ta da rawaya. Sau da yawa ɗaya hanyar na da kuɗin shiga na lokaci. Launin hanyar da ka zaɓa kaɗai za ka watsa, sai baƙi. Nan ne kuskure mafi yawa yake: mutum ya kwashi dayis duka ya watsa wa tarko, wasa ya yi masa sauƙin ƙarya.

Gurbi iri biyu ne. Ƙarami dayis ɗaya tak yake karɓa, mai launinsa, mai lamba daidai da tasa ko fiye. Gurbin rawaya mai 5 ba ya karɓar 3 da 2. Mai faɗi kuwa yana karɓar dayis ko nawa ne masu launinsa, muddin jimillarsu ta kai. Gurbin da ke da alamar koriyar garkuwa dole a rufe shi kafin a taɓa sauran. Sannan kada ka manta da katin kogo: layin hawan da kake yana da nasa gurabe, na dodo daban na tarko daban, kuma suna shiga kowace arangama. In ka sauka hawa na biyu, na farkon ba sa tafiya, ƙaruwa ake yi. Shi ya sa dodon da ka taka cikin sauƙi a sama zai iya kayar da kai a ƙasa alhali katinsa bai canza ba.

Akwai hanyar ceto guda da ke hannunka koyaushe: ka mayar da dayis biyu, ka karɓi baƙi ɗaya mai lambar ƙaramin cikinsu. Shuɗi 6 da ruwan hoda 5 za su ba ka baƙi 5. Shuɗi 6 da ruwan hoda 1 za su ba ka baƙi 1, wato ka yi asarar shidan a banza. Haɗa manya da manya waɗanda ba su da gurbin shiga; ƙananan kuma tura su gurbi mai faɗi ko ka biya kuɗin dabara da su, wato wata iyawa ta musamman da jaruma ke da ita ko ta samu daga ganima.

A ce dodo na da garkuwa rawaya 3, sai rawaya 5 mai zuciya biyu, ruwan hoda 4 mai agogo ɗaya, shuɗi 5 mai zuciya ɗaya. Ka watsa ka samu rawaya 6, 3, 2, 1, ruwan hoda 5 da 5, shuɗi 2. Rawaya 3 ya tafi garkuwa, kada ka ɓarnatar da 6 a wurin. Shidan ya rufe mai zuciya biyu. Saura zaɓi: ka sa ruwan hoda 5 a gurbinsa ka sha rauni ɗaya, ko ka haɗa biyar ɗin biyu su zama baƙi 5 ka rufe shuɗin, ka yi asarar kati ɗaya. Kusan kullum na biyun ya fi. Jarumar da ke da jini 5 ko 6 kacal ba ta da raunin bayarwa, kati ɗaya kuwa ana iya haƙura da shi, sai fa in matattakala ta riga ta bayyana.

Kada ka ajiye dayis ko ɗaya a gurbi sai ka gama tsara duka a ka. Wanda ya shiga gurbi ya shiga, ba za ka ciro shi ka biya dabara da shi ba. Dabaru kuwa kowace sau ɗaya ake amfani da ita a arangama guda, kuma tana da alamar da ke nuna ko ta dodo ce, ko ta tarko, ko duka. Wasu kyauta ne, wasu sai ka ba da dayis rawaya ko ruwan hoda, na tsafi kuma sai ka ba da shuɗi da jimillarsu ta kai lambar da aka rubuta. In ana neman 3 ka ba da 6, babu canji.

Kafin ka ce za ka tunkari ɗaki, ƙirga. Samun 5 ko 6 da dayis ɗaya sau ɗaya ne cikin uku. Da dayis biyu ya ɗan haura rabi, kusan kashi 56 cikin 100. Da huɗu ya kai kashi 80. Gurbin da ke neman 6 cif kuwa, ko da dayis huɗu kashi 52 ne kawai. A gurbi mai faɗi ɗauki kowane dayis a matsayin uku da rabi: uku za su kai 10 sau biyar cikin takwas, 11 kuma rabi da rabi. In tarko na neman 11 kana da dayis uku masu launin, ga kuma guraben kogo na jiran nasu, ba ka da isasshe, ko da zuciyarka na ce maka za a dace.

Bayan ka ajiye abin da za ka iya, ka karɓi hukuncin guraben da suka rage. In rauninka bai kai yawan jininka ba, ka ci ɗakin. A lura da wannan da kyau, domin mutane da dama na wahalar da kansu a nan: ba sai ka rufe gurabe duka ba kafin ka ɗauki ganima. Tsira da rai ya isa.

Karanta ɗan rubutun da ke ƙarƙashin sunan dodo kafin ka yanke shawara, ba bayan ka watsa ba. Phantom na kwashe duk 1 da 2 da ka samu. Bandit na sa haɗa baƙin dayis ya ci uku maimakon biyu. Wraith na mayar da makaminka ɗaya makin gogewa, wato makin da ke ɗaga matsayi, tun kafin a fara. Goblin kuwa gurbinsa na ƙaruwa da yawan ƙofofin da ke buɗe, don haka mai yawan leƙe yana gudu shi ke ciyar da shi.

Ganima: wuri mafi wuyar shawara

Katin da ka ci, hanya ɗaya kaɗai za ka yi amfani da shi. Ko ka tura shi gefen hagu na katin jaruma ya zama makami, ya ƙara maka dayis, wani lokacin har da jini. Ko ka tura shi ƙasa ya zama dabara. In abin da ke ƙasan katin magani ne, ka koyi sabon nau'in magani ka kuma samu kwalba guda. Ko kuma ka sa shi ƙarƙashin katin matsayi ya zama makin gogewa.

Matsayi ne ke iyakance abin da za ka riƙe. Mai wasa shi kaɗai a matsayi na 1 makami 1 ne da dabara 2. Maki 6 ke kai shi matsayi na 2, inda zai riƙe makami 3 da dabara 3, ya samu kwalbar magani, ya kuma samu baƙin dayis guda a kowace arangama. Daga nan maki 8, sannan 10.

Tsarin da ya fi aiki shi ne katin farko ya zama makami, domin ƙarin dayis na aiki a kowane ɗaki har ƙarshen wasa. Daga nan a bi maki har a kai 6, kuma a kai tun a hawa na farko. Wannan baƙin dayis na matsayi na 2 ya fi kowane makami, tunda yana shiga tarko ko wane launi ne. Katuna na ba da maki 2, 3 ko 4, kuma babu canji in ka wuce: 4 da 2 ko 3 da 3 sun yi cif, 4 da 3 ka zubar da ɗaya.

Ga dabarar da ke ɓoye a cikin doka: in wurin makami ya cika ka samu wanda ya fi, ka musanya, tsohon ya koma makin gogewa. Ba abin da ya salwanta. Saboda haka in ka ci babban dodo, duba ko makaminsa ya fi naka kafin ka jefa shi cikin maki.

Wane launi za a ƙara? Tarko na son launi ɗaya mai yawa, dodo na son ka taɓa ko'ina. Jarumar da ake kira Warrior na farawa da rawaya huɗu da shuɗi ɗaya tak. In ka yi ta tara mata rawaya, kowane gurbin shuɗi zai riƙa cin dayis biyu. Ɗaga mata raunanan launukan zuwa biyu ko uku tukuna. A dabaru kuwa, wadda ke ba ka lamba tabbatacciya, ko ta hana rauni, ta fi wadda ke cewa sake watsawa.

Maganin da ka fara da shi na warkar da rauni 3 in ka sha a farkon zagaye, 2 kacal in ka sha cikin rikici. Jira har wuƙa ta zo wuya asarar rauni ɗaya ce a kowace kwalba. Da zarar rauni ya kai uku, sha kafin ka buɗe ƙofa.

Kowace jaruma na da wata bajinta tata da ake amfani da ita kafin a watsa. Mage na tara baƙin dayis in ta yi lalube ko ta ja da baya, don haka gudu bai cika yi mata tsada ba. Warrior na tara nata ne in ta sha rauni. Rogue na iya ɗaukar baƙi ɗaya ko biyu a take, amma in 1 ya fito ta sha rauni ta kuma yi asarar lokaci. Ga mai koyo Warrior ta fi yafe kuskure.

Matattakala da bos

In tuli ya ƙare matattakala ta bayyana, kana iya sauka a ƙarshen zagaye. Kana kuma iya tsayawa ka ƙarasa ƙofofin da suka rage, amma yanzu da jini ake biya: duk lokaci ɗaya da ka kashe, a ɗora alamar rauni a kan matattakala, in sun kai uku a kwashe su jarumarka ta sha rauni ɗaya. Zagaye ɗaya bayan bayyanarta alama biyu ne, bai kai rauni ba, muddin ɗakin bai ƙara maka agogo ba. Saboda haka ɗaki ɗaya mai sauƙi da ka riga ka gani ya halatta, musamman in shi zai cika maka makin matsayi. Na biyu sai da dalili mai ƙarfi.

Wajen sauka, haɗa juji da ƙofofin da suka rage ka gauraya, ka kife a kan matattakala, ka ja katin kogo layi na gaba ya fito. Bayan hawa na uku ka juya katin kogo, ga bos.

Faɗan bos turmi-turmi ne kamar dambe. A kowane turmi ka watsa dayis ɗinka duka, ka yi dabaru, ka rufe gurabe, ka sha raunin waɗanda suka rage, sannan duk gurbin da ka rufe mai alamar ƙoƙon kai rauni ɗaya ne a jikinsa. A kwashe dayis a sake, har ɗayanku ya faɗi. Dabaru na dawowa kowane turmi, bajintar jaruma kuwa ba ta aiki a nan sam, abin da ke ba masu dogaro da ita mamaki. Kuskuren da aka fi yi shi ne tsare kai kawai. In kana rufe guraben zuciya kana barin na ƙoƙon kai, turmi na ƙaruwa, kowane turmi kuma na ɗan yagar jininka. Ƙirga jininsa, ƙirga naka haɗe da kwalaben da suka rage a kan biyu-biyu, ka san turmi nawa za ka iya ɗauka, sannan ka raba dayis a kan wannan lissafi.

In ku biyu ne

Ku juya katunan jarumai da na matsayi gefen 2P. Kowace jaruma ta ragu a dayis da jini, amma in an haɗa sun fi ta mutum ɗaya. Kowa na watsa nasa, kowa na iya rufe kowane gurbi, gurbi mai faɗi na karɓar dayis ɗinku tare, kuma kuna iya haɗa ɗaya naka ɗaya nasa ku fitar da baƙi. Kuɗin dabara dai kowa daga nasa zai biya. Makin gogewa da kwalaben magani na kowa ne, makami da dabara kuwa sai ku zaɓi mai ɗauka. Rauni ana raba shi daidai gwargwadon yadda zai rabu, ba a jibga wa mai jini da yawa, kuma in ɗaya ta faɗi wasa ya ƙare muku duka. Don haka makami mai ƙara jini na mai rauni ne, ko da launinsa ya fi dacewa da ɗayar.

Ku ɗauki jarumai masu cike giɓin juna, Warrior da Mage misali. Sai dai ku sani a tarko dukkanku launi ɗaya za ku watsa, wanda ba shi da shi kusan ɗan kallo ne a wannan ɗakin. Matsalar wasan mutum biyu ba ta doka ba ce: wanda ya fi iyawa yakan karɓe dayis ɗin abokinsa ya tsara komai. Maganinta shi ne kowa ya fara faɗin abin da nasa za su iya rufewa kafin a taɓa komai.

Mutum huɗu na iya bugawa in akwai kwali biyu. Forest of Shadows, wanda ya fito a 2017, kwali ne mai zaman kansa da ya ƙara guba a cikin dokoki, ana kuma iya haɗa shi da na farko. Akwai takardar ci gaba a cikin kwalin ga mai son jarumarsa ta riƙa ƙara ƙarfi daga zama zuwa zama, ko an ci ko an faɗi, amma gara a bar ta sai an yi zama uku ko huɗu an saba da lissafin kati. Wanda kwalin bai iso hannunsa ba, kamfanin Handelabra Games ya yi na waya da kwamfuta, kuma manhajar ba ta barin ka manta harajin kati 2 ko ka tsallake garkuwa.